Tsohuwar Land Rover Ko Jif Ta Zamani: Lissafin Da Ke Gaban Masu Sayen Mota A Durumi

ABUJA — Babu abin da ya raba shataletalen Area 1 da ke Garki da unguwar Durumi illa babban titin Nnamdi Azikiwe, amma duk direban da ya ratsa daga wannan gefe zuwa wancan a tsakiyar damina ya san bambancin ya wuce faɗin titi. A bayansa ya bar kwalta mai layi-layi da fitilu. A gabansa kuwa, da zarar ya saki 'yan titunan da aka shimfiɗa, sai jar ƙasa wadda ruwa ya zaizaye, da ƙananan kwazazzabai, da kududdufan da ba a sanin zurfinsu sai an shiga. Saboda haka ne maganar irin motar da ta dace mutum ya saya ba ta ƙarewa a bakin mazauna wannan unguwa, musamman ma'aikatan gwamnati da 'yan kwangila da waɗanda suka mallaki gonaki a yankunan Kuje da Kwali da Abaji.

Masu muhawarar sun kasu kashi biyu. Akwai masu ganin cewa babu abin da ya fi tsohuwar motar daji, irin su Land Rover da tsofaffin Land Cruiser, waɗanda ba su san tsoron taɓo ba, kuma kowane bakanike zai iya kwance su a gindin bishiya. Akwai kuma masu cewa zamanin waɗannan ya wuce, gara mutum ya nemi jif ta zamani, ko da ta hannu ce, mai sanyi a ciki da sauƙin shan mai. A shekarun da litar fetur ba ta kai kuɗin kwanon abinci ba, wannan gardama ta hira ce kawai. Tun daga ran 29 ga watan Mayu, 2023, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur, ta zama maganar abin da zai rage wa magidanci a aljihu a ƙarshen wata.

Ita dai Durumi tana cikin kashi na biyu na tsarin gina birnin Abuja, tana maƙwabtaka da Gudu da Kaura. An kafa Babban Birnin Tarayya da doka mai lamba 6 ta 1976, gwamnati ta tare a cikinsa ran 12 ga watan Disamba, 1991, amma aikin shimfiɗa tituna da magudanun ruwa ya fi ƙarfi a kashi na farko, watau Garki da Wuse da Maitama da Asokoro. A Durumi gine-gine suka riga tituna zuwa. Shi ya sa ake ganin manyan rukunin gidaje da makarantu masu tsada kafaɗa da kafaɗa da tsofaffin ƙauyukan Gwari, da kuma sansanin da 'yan gudun hijira daga Gwoza da Bama suka kafa tun 2014, dukansu suna raba hanya ɗaya mai ƙura da rani, mai laka daga Afrilu zuwa Oktoba.

Daga Solihull zuwa Badun

Ƙaunar da dattawan Arewa ke yi wa Land Rover tana da dalili. An fara nuna motar a bajekolin motoci na birnin Amsterdam a watan Afrilu, 1948. Kamfanin Rover na Ingila ya ƙera ta a masana'antarsa ta Solihull don manoma, kuma da yake gwamnati na rabon baƙin ƙarfe da awo a bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sai aka yi jikinta da sanholo, wanda tsatsa ba ta ci. Ba a daɗe ba ta zama motar mulki a ƙasashen da Ingila ke riƙe da su. A Jihar Arewa da ita Di'o ke rangadi, da ita ma'aikatan En'e ke bin ƙauyuka, da ita malaman dabbobi ke zuwa rugage yin allura, haka kuma 'yan sanda da soja da ma'aikatan asibitocin mishan. Mutanen karkara da yawa Landiroba ce mota ta farko da suka taɓa gani ta iso ƙofar gidan dagaci.

A shekarun 1970, lokacin da kuɗin man fetur ya bunƙasa, Gwamnatin Tarayya ta haɗa hannu da kamfanonin Turai aka kafa masana'antun harhaɗa motoci guda 6: Peugeot a Kaduna, Volkswagen a Ikko, Leyland a Badun, Steyr a Bauchi, ANAMMCO a Inugu, da kuma ta manyan motocin Fiat a Kano. A ta Badun aka riƙa harhaɗa Land Rover da Range Rover. Amma ba ta yi tsawon rai ba. Faɗuwar farashin mai a kasuwar duniya da ƙarancin kuɗin musaya, sa'an nan shirin gyaran tattalin arziki na 1986 wanda ya karya darajar Naira, suka durƙusar da ita kafin shekarun 1980 su ƙare. Ta Kaduna ce ta jure, ta ci gaba da fitar da Peugeot 504 har zuwa tsakiyar shekarun 2000, kuma a gaskiya Fijo ɗin nan, duk da ba ta jan ƙafa huɗu, ta shiga dazuzzukan da ba a zaci ƙaramar mota za ta shiga ba.

Wadda ta karɓe wa Land Rover kasuwar Afirka kuwa ita ce Toyota. Land Cruiser samfurin 40, wadda aka yi daga 1960 zuwa 1984, da samfurin 70 da ya gaje ta, da kuma akori-kurar Hilux da ta fito a 1968, sun zo da abin da ta Ingila ta kasa bayarwa, watau injin da ba ya yawan kai mai shi gareji. Yaƙin da Chadi ta gwabza da Libiya a 1987, inda dakarun Hissene Habre suka fatattaki tankoki da motocin Toyota masu ɗauke da bindigogi, har ya samu laƙabin Yaƙin Toyota, ya zama talla wadda kamfanin bai biya ko kwabo a kanta ba. A 2019 Toyota ta sanar cewa ta sayar da Land Cruiser fiye da miliyan 10 tun farkonta. Ita kuwa Land Rover ta asali, wadda aka raɗa wa suna Defender a 1990, an rufe ƙera ta ran 29 ga watan Janairu, 2016, bayan an yi sama da miliyan 2. Sabuwar Defender da aka fitar a 2019, wadda ake ƙerawa a ƙasar Sulobakiya, suna kawai ta gada: motar masu hannu da shuni ce mai cike da kwamfuta.

Ma'anar wannan ga mai saye a Abuja ita ce, duk Land Rover samfurin Series III da zai gani a kasuwa ta kai shekara 40 ko fiye, domin a 1985 aka daina yin ta.

Abin da take bayarwa, da abin da take ci

Ba a raina aikin tsohuwar motar. An gina ta a kan shasi na baƙin ƙarfe mai siffar tsani, aka ɗora jiki a kai da kusoshi, ta yadda ana iya cire ƙofa ko fuka-fuki ko rufi a sauya ba tare da an taɓa sauran ba. Tana da giyar ƙarfi, wadda direbobi ke kira ogzilari. A samfurin Series direba na danna sanda mai kan rawaya don haɗa ƙafafun gaba, ya ja mai jan kai idan ana son mota ta yi rarrafe a hawa ko a cikin taɓo da kaya a bayanta. Injinta mai lita 2.25 ba shi da ƙwaƙwalwa ko na'urorin auna wani abu. Kafireta ce da fulogi da 'yan wayoyi. Idan ta mutu a hanyar Rubochi, abu uku ake dubawa: mai, wuta, iska. Yaron gareji mai shekara biyu da fara koyo zai iya gano wanda ya ɓace a cikinsu.

Tana kuma haƙuri da gurɓataccen mai, wanda ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar nan. A watan Fabrairu, 2022, an shigo da fetur daga tashar Antwerp ta Beljiyam mai ɗauke da sinadarin metanol fiye da ƙima, ya lalata motoci, ya jawo dogayen layuka a gidajen mai na Abuja da Ikko na tsawon makonni. Injinan zamani, musamman na dizal masu feshin mai da matsanancin ƙarfi, ɗigon ruwa ko datti kaɗan ya isa ya kashe musu bututun feshi, waɗanda kuɗin sauya su kan kai na sayen wata ƙaramar mota ta hannu. Tsohon inji kuwa tari zai yi, ya yi hayaƙi, ya wuce.

To amma a gidan mai ake biyan wannan haƙuri. Tsohuwar Land Rover mai amfani da fetur, idan tana da lafiya, takan yi kimanin kilomita 6 da lita guda. Jif ta zamani mai silinda huɗu, irin su RAV4 ko CR-V, takan yi kimanin 11. A ɗauki ma'aikacin da ke zaune a Durumi, yana zuwa ofis a Sakatariyar Tarayya, yana kai yara makaranta, yana leƙa gonarsa a bayan Kuje ranar Asabar, ya haɗa kilomita 1,500 a wata. Tsohuwar za ta sha lita 250, ta zamanin kuwa lita 136. A watan Oktoba, 1994, da gwamnatin Janar Sani Abacha ta tsayar da lita a kan Naira 11, wannan rata ta lita 114 ba ta wuce Naira 1,254 ba. A watan Oktoba, 2024, da gidajen man NNPC na Abuja suka sayar da lita a kan Naira 1,030, ratar ta haura Naira 117,000 a wata guda, alhali mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a watan Yulin wannan shekara Naira 70,000 ne. Farashin ya ɗan sauko bayan da matatar Dangote ta shiga kasuwa da ƙarfi, amma bai koma kusa da inda ya fito ba, kuma ratar litocin tana nan yadda take kowane wata.

Masu goyon bayan tsohuwar mota sukan amsa da cewa a nemi mai dizal. Akwai gaskiya a ciki. Defender mai injin 200Tdi na 1990 ko 300Tdi na 1994, da Land Cruiser mai injin 1HZ mai lita 4.2, sun fi na fetur tattali, kuma famfon mansu na ƙarfe ne zalla, babu lantarki. Sai dai dizal ya daɗe da fita daga tallafin gwamnati. A 2022, bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukren, litarsa ta kai Naira 800 a lokacin da ake sayar da fetur ƙasa da Naira 200, kuma mutane da dama suka jingine motocinsu na dizal a gida. Janye tallafin fetur ya rage wannan tazara, amma wanda ya ga abin da ya faru a wancan lokaci ba zai ɗauki arahar dizal a matsayin alkawari ba. Ya kamata kuma a sani cewa Defender da aka yi daga 1998 zuwa gaba galibi tana da ƙwaƙwalwar lantarki kamar kowace motar zamani. Wanda ya saye ta don gudun kwamfuta bai guje mata ba.

Kayan gyara da masu gyara

A nan ne lissafin masu sha'awar tsohuwar mota ya fi yawan karyewa. Gaskiya ne gyaranta ba wuya, amma gyaran ba ya ƙarewa. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa: Land Rover ta shahara da ɗigar baƙin mai daga inji da akwatin giya da gatarin ƙafafu, kuma sandunan da ke juya ƙafafun baya a samfurin Series sukan karye idan aka matsa mata da kaya a cikin taɓo. Jikin sanholo ba ya tsatsa, amma shasin da bangon da ke tsakanin inji da direba baƙin ƙarfe ne, kuma lakar da ke maƙalewa a cikinsu damina bayan damina ita ke cinye su daga ciki. Mota na iya sheƙi da sabon fenti alhali ƙashin bayanta ya ruɓe.

Kayan gyaranta ana ci gaba da ƙera su a Ingila da Indiya da Sin, ba su ɓace daga duniya ba. Amma da kuɗin waje ake sayo su. A watan Yuni, 2023, Babban Bankin Nijeriya ya saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa, Dalar da ake canjawa a kan kimanin Naira 460 a farashin hukuma ta haura Naira 1,500 a farkon 2024. Ɗan kasuwar da ke Gudu ko a rukunin kanikawa na Apo, wanda jarinsa ya ragu da kashi biyu cikin uku ba tare da ya yi asarar ko kusa ɗaya ba, dole ya zaɓi abin da zai ajiye a shago, kuma abin da ke fita kullum zai ajiye, watau kayan Corolla da Camry da Sienna da Hilux. Mai Land Rover sai ya yi aike Ladipo a Ikko, ko Nnewi, ko Panteka a Kaduna, ko Ƙofar Ruwa a Kano, ya jira kwanaki, wani lokaci a kawo masa abin da bai dace da samfurin motarsa ba.

Su ma kanikawan da suka koyi aiki a kanta a ma'aikatun ayyuka da barikokin soja tsufa ya cim musu. Matasan da ke tasowa a garejojin Abuja sun fi sanin na'urar da ake soka wa mota ta faɗi ciwonta a fuskar waya fiye da saita kafireta da kunne. Nan da 'yan shekaru, sauƙin gyaran da ake yabon tsohuwar mota da shi zai dogara ne a kan ko mai ita ya iya riƙe sifana da kansa.

Ba kowace jif ce ta daji ba

Ɓangaren zamani ma yana da nasa ruɗin, kuma dillalai ba sa gaggawar warware shi. A bakin jama'a duk mota mai tudu jif ce. Amma Toyota Highlander da Lexus RX, waɗanda suka cika titunan Abuja, a kan ginshiƙin Camry aka gina su. Ba su da shasi daban, ba su da giyar ƙarfi, kuma da yawa daga waɗanda ake shigowa da su daga Amurka ƙafafun gaba kaɗai suke ja. Za su bi hanyoyin Durumi lafiya idan direba ya yi hankali, domin abin da waɗannan hanyoyi ke buƙata shi ne tudu daga ƙasa da tayoyi masu kyau. Amma wanda ya loda mata buhunan taki ya nufi gona a bakin Gurara a watan Satumba, zai kwana yana neman matasan da za su tura.

Abu na biyu, kalmar zamani a nan tana bukatar a sa mata waƙafi. Sabuwar mota fil daga kamfani ta fi ƙarfin ma'aikaci, sai hukumomi da bankuna da manyan 'yan siyasa. Abin da ake kira ta zamani a wuraren sayar da motoci na Abuja ta hannu ce, 'yar Kwatano ko 'yar Beljiyam kamar yadda aka saba faɗa, mai shekara 10 ko fiye. Rahoton da Hukumar Kare Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motoci na hannu miliyan 14, kashi 40 cikin ɗari suka zo Afirka, kuma Nijeriya na sahun gaba wajen karɓa. Da yawa daga na Amurka daga gwanjon kamfanonin inshora ake sayo su, watau motocin da suka yi haɗari ko ambaliya ta shanye su, a gyara su a nan a fesa fenti. Wadda ruwa ya taɓa shiga wayoyinta ba ta warkewa. Yau fitila ta kama a gaban direba, gobe giya ta ƙi sauyawa.

Akwatin giya mai sarrafa kansa shi ne babban abin tsoro a irin waɗannan motoci, domin ba kasafai ake gyara shi a nan ba, sai dai a sayo wani na hannu a ɗora, ba tare da tabbacin kwanakin da suka rage masa ba. Sa'an nan akwai matatar hayaƙin nan da kanikawa ke kira indomi, wadda ake sacewa saboda ƙarafa masu daraja da ke cikinta. Mai saye da yawa sai bayan ya ga mota na zuƙar mai fiye da ƙima yake gane an riga an kwashe ta tun kafin ta iso hannunsa. Duk da haka, idan aka dace da mai lafiya, irin wannan mota takan yi wata shida ba ta nemi komai ba sai juyen baƙin mai, abin da mai tsohuwar Land Rover ba zai taɓa yin alfahari da shi ba.

Doka, takardu da lafiyar rai

Wanda ke mafarkin sayo tsohuwar Land Rover daga Ingila, inda suka fi yawa, yana da shinge biyu a gabansa. Na farko, Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama ran 2 ga watan Afrilu, 1972, kuma ƙa'idojin hanya sun hana yi wa mota mai sitiyari a dama rajista. Juya sitiyarin da ake yi a garejoji, idan ba gwani ya yi ba, haɗari ne. Na biyu, Hukumar Kwastan ta hana shigo da motar hannu da ta wuce shekara 12 da ƙerawa, bayan da a da iyakar take shekara 15. Tun farkon 2017 kuma aka hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, abin da ya karya tsohuwar hanyar Kwatano da ta Maraɗi. Saboda haka kasuwar tsofaffin motocin daji ta taƙaita ga waɗanda suke cikin ƙasa tun da: na gwanjon ma'aikatu da rundunoni, na kamfanonin gine-gine, na mishan, da waɗanda magada suka tarar a bayan gida. Irin waɗannan sau da yawa takardunsu ba su cika ba, ko kuma an sauya musu inji lambar ba ta dace da ta takarda ba, kuma jami'an duba motoci na Abuja ba su da sassauci a kan haka.

Kuɗin fito ma ya taɓa ɗaya ɓangaren. Farashin Dalar da Kwastan ke lissafin haraji da shi ya tashi daga kimanin Naira 422 a tsakiyar 2023 zuwa sama da Naira 1,300 a watan Fabrairu, 2024. Motocin da ke sauka a tashoshin Ikko suka ragu, farashin na hannu ya ninka, har waɗanda aka gaji da hawa a cikin gida suka yi daraja. Wannan ne ma ya sa wasu suka fara waiwayar tsofaffin motocin da a da ba sa kallo.

Akwai kuma abin da ba a sa wa farashi. Land Rover samfurin Series ba ta da jakar iska, ba ta da birkin da ke hana taya kullewa, birkinta na ganga ne, sitiyarinta kuwa da ƙarfin damtse ake juya shi. An yi ta ne don tafiyar kilomita 40 a awa a kan burji, ba don babban titin filin jirgin sama ko hanyar Lokoja ba, inda ake gudun da ya ninka haka sau uku. Wanda zai ɗauki iyalinsa kullum ya kamata wannan ya fi masa nauyi a kan kowane lissafin mai. Haka kuma matsalar tsaro ta sauya ma'anar lalacewar mota. A da idan mota ta mutu a daji, abin da za a yi asara yini ne. Bayan shekarun da aka sha fama da masu garkuwa da mutane a hanyar Kaduna da ƙauyukan Bwari da Kuje da Kwali, motar da ke da sauƙin gyara a gefen hanya ba ta kai wadda ba ta tsayawa ba. Sai dai a nan ma akwai mai cewa tsohuwar mota mai kwarzanen fenti ba ta jan idon ɓarawo kamar Hilux, wadda ke cikin motocin da aka fi sacewa saboda kasuwarta a ƙetaren iyaka.

Wasu kan kawo hujjar cewa tsohuwar Land Rover jari ce. Suna nuni da Turai da Amurka, inda farashinta ya yi tashin gwauron zabo tun da aka daina ƙera ta. A watan Disamba, 2015, an yi gwanjon Defender ta cikon miliyan 2 a London a kan Fam 400,000, kuma a 2018 kamfanin da kansa ya sabunta tsofaffi 150 ya sa musu farashin da ya fara daga Fam 150,000. Dokar Amurka da ta yarda a shigo da motar da ta kai shekara 25 ba tare da cika ƙa'idojin zamani ba ta ƙara wa kasuwar zafi. Amma masu biyan irin wannan kuɗi suna neman mota mai injinta na asali da lambobi masu dacewa da tarihin da aka rubuta. Wadda ta yi shekara 30 tana jigilar doya, aka ɗora mata injin Nissan, aka yi wa shasinta walda a wuri goma, ba ita suke nema ba. A kasuwar Abuja kuwa Toyota ce kuɗi a hannu: mai Highlander da ya matsu zai samu mai saye kafin mako ya zagayo, mai Land Rover sai ya jira wani mai irin sha'awarsa.

Ga mafi yawan mazauna Durumi, hanyar da ba ta da kyau ba ta wuce kilomita 2 ko 3 daga ƙofar gida zuwa kwalta ba, sauran tafiyar duk a kan titi ne. Sayen motar daji saboda wannan ɗan taƙi daidai yake da biyan harajin mai na shekara guda don wahalar wata huɗu, a unguwar da ko ba jima ko ba daɗe Hukumar Raya Birnin Tarayya za ta kammala shimfiɗa mata tituna. Jif mai silinda huɗu, mai tudu, da tayoyi masu kauri ta wadatar. Ga alama tsohuwar motar ta fi dacewa da wanda ke da gona ta gaske a inda hanya ta ƙare, yana da wata motar ta shiga gari, yana kuma da bakanike amintacce ko hannun gyara. A wurinsa takan maye gurbin ƙaramar tarakta, ta ja tirela, ta kwaso amfanin gona a lokacin da motocin haya ke ƙin shiga. Wanda zuwansa gona bai wuce sau biyu a wata ba kuwa, hayar akori-kura daga Kuje ko Gwagwalada a ranar da yake bukata ta fi masa arha nesa ba kusa ba.

Tsakanin ɓangarorin biyu akwai Land Cruiser samfurin 80, wadda aka yi daga 1990 zuwa 1997, da tsofaffin Prado da Hilux, masu shasi da giyar ƙarfi da na'urar sanyi, kuma kayansu na samuwa a Gudu da Apo. Illarsu ita ce kowa ya san darajarsu, don haka ba su da arha, masu fetur a cikinsu kuma ba su fi Land Rover tausayin aljihu ba. Shirin Gwamnatin Tarayya na mayar da motoci amfani da iskar gas, wanda aka ƙaddamar a 2023, zai iya rage wannan nauyi, domin tsohon injin fetur ba ya wuyar juyawa kuma bayan motar na da filin ɗaukar tukunya, amma gidajen sayar da iskar sun fi yawa a cikin birni, ba a hanyar gona ba. Masu ƙarfin sayen sabuwa kuma suna iya duba Landtrek da kamfanin Dangote Peugeot ya fara harhaɗawa a Kaduna a 2022, ko motocin Innoson na Nnewi.

Kowace mutum ya zaɓa, kanikawa na ba da shawarar kada a biya kuɗi sai an ɗaga mota an shiga ƙarƙashinta. Idan tsohuwa ce, a bi shasin da guduma daga gaba zuwa baya, a saurari inda ƙarar ta mutu, a duba inda sifirin ke kamawa, a sa giyar ƙarfi a ga ko tana shiga tana fita. Idan ta zamani ce, a binciki lambar shasinta a intanet don ganin ko ta taɓa haɗari ko shiga ambaliya, a soka mata na'ura, a ɗaga darduma a shinshina, a leƙa a tabbata akwai sandar da ke kai ƙarfi ƙafafun baya idan dillali ya ce tana jan huɗu. A kai takardar fito ofishin Kwastan a tantance ta, a kuma sa kuɗin inshora a lissafi, wanda mafi ƙarancinsa ga motar gida ya tashi daga Naira 5,000 zuwa Naira 15,000 tun ran 1 ga watan Janairu, 2023.